Ranar da Alhaji Bashar Ya Ƙi Gudu

Ƙwallon ƙafa muka so bugawa tun farko. Filin da mu 'yan Najeriya muka samu a bayan unguwar Satwa a Dubai wani fegi ne da aka share za a yi gini aka fasa, kuma yana da masu shi tun kafin mu zo. Daga ƙarfe shida zuwa takwas na safiyar Asabar 'yan Filifin ne a kai da besbol ɗinsu, daga takwas zuwa azahar kuma 'yan Pakistan da kurket. Muka je roƙon awa ɗaya wurin Kuya Renato, wani dattijo mai gyaran agogo wanda shi ne alƙalin wasan 'yan Filifin ɗin. Ya ce awa babu, amma gasarsu ƙungiya biyar gare ta, suna neman ta shida. Haka muka wayi gari 'yan besbol, mu goma sha ɗaya, wasu 'yan coci wasu 'yan masallaci, babu wanda ya taɓa riƙe sandar wasan a cikinmu.

Sunana Sati, ɗan Pankshin ne ni, aikina buɗe ƙofa a wani otal a Deira. Aka ce tunda na saba zama wuri ɗaya ba motsi, ni zan riƙa tsugunawa bayan mai bugu ina cafe ƙwallon da ya kuskure. Daga wurin nan ana ganin filin gaba ɗaya, shi ya sa babu abin da ya wuce ni a cikin abin da zan faɗa.

Wasan ba shi da wuyar bayani. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda ya ruga, ya taka tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo gida, ci ɗaya ke nan. Masu tsaro tara ne, har da mai jifa da mai tsuguno irina. In sun cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ko sun taɓa mai gudu da ita kafin ya kai tasha, ya fita. In mutum uku suka fita sai a yi musanya. A gefen hagu na filinmu akwai katanga, bayanta wani tsohon gini mai hawa uku. Duk wanda ya tsallakar da ƙwallo bayan katangar, sai ya zagaya abinsa a tsanake.

Shugabanmu Clement ne, ɗan Kafanchan mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, don shi kaɗai ya karanta littafin dokokin har ƙarshe. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Kowane mai bugu yana da shafinsa, an zana filin, duk inda ƙwallon mutum ta faɗi sai ya ɗiga biro a wurin. Gwaninmu kuwa Alhaji Bashar ne, ɗan Fagge, ƙato mai faɗin kafaɗa, yana tura tayil da kayan banɗaki Kano daga wani ofis a Al Khabaisi. Shi da Clement sun yi shekara uku a ɗaki ɗaya a Hor Al Anz lokacin da kowannensu ba shi da komai sai katifa. Yana kiran Clement Injiniya, Clement yana kiransa Alhaji, kuma ban taɓa ganin sun yarda da juna a kan ko da farashin albasa ba.

A ƙarshen kakar farko Clement ya buɗe masa shafinsa a gabanmu. Ɗigo sittin da ɗaya, dukansu a hagu, a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Dama kuwa fari fat. Ya ce wata rana abokan hamayya za su gane, su taru a wurin. Shawararsa ita ce, lokaci-lokaci Alhaji ya riƙa miƙa sandar kawai, ƙwallon ta ɗan bugu ta gangara dama inda babu kowa, ya ruga tasha ta ɗaya.

Alhaji ya dubi shafin, ya dubi Clement, ya ce, "Injiniya, ni ba kaza nake kora ba."

Clement ya ce lissafi ne. Alhaji ya ce lissafin ya zauna a cikin esi. Magana ta yi tsawo, aka tono har wanda ya ƙona tukunya a Hor Al Anz shekara tara da suka wuce. Da aka buɗe sabuwar kaka a Nuwamba, sai ga Alhaji cikin jar rigar wata ƙungiyar 'yan Filifin, ya tafi da sandarsa da kular zoɓon da yake kawo mana.

Ranar da muka fara haɗuwa da su, Alhaji na fitowa bugu Clement ya ɗaga hannu ya kira mutum biyu daga dama suka koma hagu. Alhaji ya maka wa ƙwallon sanda da ƙarfin da na ji a haƙorana, ta tafi kai tsaye cikin safar hannun ɗaya daga cikinsu, ko taki ɗaya bai yi ba. Sau huɗu ya fito ranar, sau huɗu aka cafe. Kyaftin ɗinsu, wani ma'aikacin jinya mai suna Jomar, ya ja shi gefe ya nuna masa dama, fili fetal har kyanwa tana kwance a ciki. Ina jin su. Alhaji ya ce masa cikin Turancinsa da Larabcinsa na kasuwa, namiji ba ya bugu inda babu kowa, khalas, magana ta ƙare.

Kowane haɗuwa Clement sai ya ƙara mutum. Huɗu, biyar, shida. Daga ƙarshe har Sama'ila mai tsaron tasha ta ɗaya ya ɗauke, ya ce littafi ya nuna Alhaji bai taɓa buƙatar tashar nan ba, ko dai a cafe shi ko ya tsallake katanga. Mutum bakwai suka cunkushe a hagu kamar masu jiran motar Sharja da yamma, suna taka ƙafar juna, biyu a kan katangar. Daga ni sai Badaru mai jifa muka rage a wurarenmu. Jomar ya kai ƙara. Kuya Renato ya sa tabaransa na gyaran agogo ya duba kwafin dokokinsa, wani tsoho da ya zo da shi daga gida, ya ce bai ga inda aka hana ba.

Amsar Alhaji ita ce ya ƙara ɗaga ƙwallon sama. Ya yi wata guda yana zuwa filin shi kaɗai bayan sallar asuba, ya biya wani direba yana jefa masa. Sai ƙwallonsa ta fara wuce kawunan mutanenmu bakwai, ta wuce katanga, ta sauka a barandar hawa na biyu na tsohon ginin. Kullum barandar nan, ba ta kusa da ita ba.

Barandar ta Anti Magdalena ce, 'yar Numan, tela, wadda ta haura sittin kuma ta fi shekara ashirin a Dubai. Shagonta yana ƙasan ginin, tana yi wa matan Najeriya da na Filifin ɗinki. A barandar tana shuka yakuwa cikin bokitan fenti. Asabar ta farko ƙwallo ta fasa bokiti ɗaya, ta jefo mana ita ba ta ce komai ba. Ta biyu ta karya mata tushe uku, ta faɗa mana abin da na ji nauyin maimaitawa. Ta uku muka ga ta fito da kwando a hannu ta tsaya gaban shukarta. Alhaji ya buga, ƙwallon ta tashi, Anti ta ɗan matsa hagu ta tara kwandon, ƙwallon ta faɗa ciki kamar an ajiye ta da hannu.

Alhaji ya zagaya tashoshinsa yana murmushi. Clement kuwa yana kan katanga ya ɗaga kai sama, bakinsa a buɗe. Da ya sauko sai ya nufi Kuya Renato ya ce a karanto masa ƙa'idar katanga. Renato ne ya rubuta ta da hannunsa a bayan kwalin agogo, shekara shida da suka wuce: ƙwallon da ta tsallake katanga ta faɗi, ci ne. Clement ya ce to wadda aka cafe ai ba ta faɗi ba. Renato ya sake duba kwalin. Sannan ya ce gaskiya ne, amma kwando haramun ne, kuma dole mai cafewar ya zama ɗan ƙungiya mai rajista, da riga da safar hannu.

Da yamma muka je shagonta ni da Clement. Ta bar mu a tsaye har ta gama kafa wa wata riga zif. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta ce tunda dai dole ta tsaya gadin yakuwarta, gara ta tsaya da riga. Amma da sharaɗi: rigar ita za ta ɗinka abinta, don namu ɗinkin wanda bai san Allah ba ne, kuma in tukunyarta ta tafaso za ta shiga ciki ko wane ne ke bugu. Clement ya yarda. Aka zaunar da Mubashir, ɗaya daga cikin masu tsaronmu, a benci don ta samu gurbi, bai ji daɗi ba, amma shi bai taɓa cafe komai ba.

A cikin ƙwallo goma sha ɗaya da Alhaji ya aika barandar nan daga Janairu zuwa Maris, Anti ta cafe tara. Biyun da ta rasa, ɗaya tana waya da 'yarta, ɗaya tana juya miya. Matsalar ita ce ɗan ƙungiya dole ya yi bugu in layinsa ya zo. Sai a tsai da wasa a jira ta sauko matakala ashirin da takwas, tef ɗin awo a wuyanta. Takan ɗora sandar a kafaɗa kamar taɓarya ta tsaya, ba ta taɓa kaɗa ta ba. Gajeriya ce, masu jifa kuma suna tsoron su sami dattijuwa, sai su yi ta jefawa nesa da ita. A doka in an yi maka jifan banza huɗu, an ba ka tasha ta ɗaya kyauta. Haka take takawa a hankali ta je ta tsaya, wani lokaci ta auna kafaɗar mai tsaron tashar ta ce rigarsa ta matse shi.

Kafin a ce haka kowace ƙungiya ta sayi littafi. Duk wanda ya fito bugu sai ka ga mutane sun kwasa sun koma gefe ɗaya. 'Yan Sri Lanka suka ɗora mutum a kan wata tankar ruwa da ake ajiyewa a bakin fili. Wata ƙungiya ta yi wa natur ɗin ginin rajista, wato mai gadinsa, wani ɗan Bangladesh da bai san ko me ake yi ba, suka tsayar da shi a tagar hawa na ɗaya. Daga baya aka gano ƙungiya biyu ne suka sa sunansa, yana da riguna biyu yana canzawa. Wasan da a da ake tashi sha biyu da tara ya koma ɗaya da nema. Matan da ke zuwa da abinci da kujerun roba suka daina zuwa, suka ce ba za su tashi da asuba don kallon maza suna tsaye a rukuni ba. Gudu ya ƙare a filin, har Sama'ila ya yi tumbi. Ni ma an gano inda nake bugawa, aka tara min mutum biyar kusa da tulin bulo. Ni dai ba ni da girman kai, na riƙa miƙa sanda ina gangarar da ita inda babu kowa, ina kaiwa tasha lafiya lau. Babu wanda ya taɓa yi min sannu a kan haka, har Clement.

Wasan ƙarshe na kakar ya faɗo tsakaninmu da ƙungiyar Jomar, Asabar ta biyu a watan Maris, zafi ya fara leƙowa. Muna da ci ɗaya, su ba su da ko ɗaya. A zagayen ƙarshe mun fitar da mutum biyu, saura ɗaya mu ɗauki kofi. Amma suna da mai gudu a tasha ta biyu da wani a ta uku, kuma Alhaji ne ya fito bugu. Ƙarfe takwas saura ashirin. Mutanenmu suka kwasa zuwa hagu ba sai an ce musu ba, Clement ya haye katanga, Anti ta gyara safar hannunta a baranda. 'Yan kurket sun riga sun iso, suna zaune can ƙarshen dama suna shan shayi.

Hannun Badaru ya jiƙe da gumi. Jifansa na biyu ya suɓuce ya nufi kan Alhaji. Alhaji ya sunkuya da sauri, sandar ta rage a sama bayan ƙeyarsa, ƙwallon ta same ta, ƙwas, ta faɗo ta gangara. Ta bi dama, cikin fili, ta wuce inda Sama'ila yake tsayawa a da, ta ci gaba da mirginawa a kan busasshiyar ƙasa. Renato ya nuna da hannu cewa ƙwallo tana raye.

Masu gudun nan biyu suka shigo gida a guje suna tsalle. Badaru yana da ciwon gwiwa, don haka ni na bi ƙwallon, da sulken ƙirji da na ƙwauri suna ƙara kamar an ɗaura wa akuya gwangwani. Na same ta gab da tabarmar 'yan Pakistan, wani ya ɗauke kofinsa don in wuce. Na juyo ina haki, na tabbata an gama da mu. Sai na ga Alhaji yana nan inda na bar shi, ya dogara da sandarsa.

Dokar kuwa ita ce, tunda saura mutum ɗaya su fita, cin nan biyu ba su shiga lissafi sai Alhaji ya taka tasha ta ɗaya. In na riga na taɓa shi da ƙwallon, mun ci ɗaya da nema. In ya taka, sun ci biyu da ɗaya. Tsakaninsa da tashar mita ashirin da bakwai ne, babu ko mutum ɗaya a hanya. Jomar da mutanensa sun kewaye shi, wasu sun durƙusa, suna yalla habibi, yalla Alhaji, wato maza ka tafi. Wani ya kai hannu zai tura shi, Renato ya ce duk wanda ya taɓa shi ya fitar da shi.

"Ni ban buga ba," in ji Alhaji. "Ita ta bugi sandata."

Na taho da ƙwallon a hannu. Yana ganina ya miƙo min damtsensa ya ce, "Sati, zo ka taɓa ni mu tafi gida."

Saura taki goma in kai gare shi na ji muryar Clement daga kan katanga. Na ɗauka cewa zai yi in yi sauri. Sai na ji ya ce in tsaya inda nake, kada in kuskura in taɓa shi. Sannan ya juya ga Alhaji ya ce, "Alhaji, ga hanya nan. Abin da na faɗa maka ke nan tun bara. Ka taka ka gani."

Nan na gane halin da nake ciki. Shugabana ya fi son a cinye mu muddin Alhaji zai kai tasha da ƙwallon da ta gangara dama. Alhaji kuma ya fi son ƙungiyarsa ta faɗi da a ce maganar Injiniya ta fito. Sama'ila da sauran namu suna ta ce min in taɓa shi, 'yan Filifin suna roƙona kada in taɓa, mutumin da zan taɓa yana kirana, wanda ya sa ni a ƙungiya yana hana ni. Na tsaya. Aikina ne tsayuwa, na iya ta.

Muna nan har ƙarfe takwas ta buga a agogunan hannun Renato guda biyu. 'Yan kurket suka miƙe suka fara kafa sandunansu a tsakiyar fili. Renato ya ce ba zai iya tashin wasa ƙwallo tana raye ba, kuma ba zai iya hana mutane filinsu ba. Ya aika aka samo farar ƙasa, ya zagaye ƙafafun kowa, ya karɓi ƙwallon daga hannuna ya ce Asabar mai zuwa kowa ya dawo cikin da'irarsa a ci gaba daga nan.

Makon nan abinci bai yi min daɗi ba. Ranar Litinin wata mota ta tsaya a ƙofar otal, na buɗe, sai ga Alhaji cikin farar shadda. Ya miƙo min damtse. Na ce ƙwallon tana wurin Renato a kulle cikin durowar agoguna, kuma taɓawa ba ta ƙirguwa sai a fili. Ya tsaya kusa da ni kusan rabin awa, baƙi suna ɗauka shi ne mai otal ɗin suna gaishe shi. Ya ce min shi ba gudun yake ƙi ba. In ya taka tashar nan, Injiniya zai ba 'ya'yansa labari, ya ba jikokinsa, in ya riga shi mutuwa ya ba masu zaman makoki. Ranar Talata Clement ya zo fulat ɗinmu ya buɗe min shafin Alhaji. Ɗigo sun haura ɗari a hagu, ɗaya tak a dama, ya zagaye shi da jan biro. Ya ce ɗigon da ba a san ƙarshensa ba ba ya nuna komai. Na tambaye shi kofin fa, ya ce wane kofi. Ranar Laraba kwamitin gasa ya zauna a shagon Renato ya yanke cewa daga kaka mai zuwa dole a bar mutum biyu kowane gefe, kuma kowane mai tsaro ƙafarsa ta kasance a kan ƙasa. Amma wasanmu da ke rataye, da tsohuwar doka za a ƙarasa shi.

Ranar Asabar filin ya cika yadda ban taɓa gani ba. Matan sun dawo da kujerunsu, 'yan kurket sun zo tun shida, mutane a kowace taga. Kowa ya shiga da'irarsa. Renato ya sa min ƙwallon a hannu ya ce a ci gaba. Na riga na yanke shawara a raina zan taɓa shi, in ya so Clement ya kore ni. Na yi taki uku, hayaniya ta tashi kamar ta makon jiya. Sai kuma ta lafa a hankali, daga gefen katanga.

Anti Magdalena ce ta fito daga ƙofar ginin, cikin rigar ƙungiya da zani, da kujerar roba a hannu. Tunda ƙwallo tana raye, ɗan wasa yana iya zuwa duk inda ya so. Ta ratsa filin ba gaggawa, ta wuce Badaru, ta je bayan tasha ta ɗaya ta ajiye kujerar ta zauna. Ta cire safar hannu ta ɗora a cinya.

"Alhaji Bashar, zo nan."

"Anti, ina cikin wasa."

"Na sani, ni ma ina ciki. Zo."

Alhaji ya dubi ƙasa. Ta girme shi da shekara ashirin, kuma a gaban jama'a ta kira shi. Ya jingina sandar, ya cire hular kwano, ya fara takawa. Hanyarsa ta biyo ta gabana, da na miƙa hannu da na taɓa shi. Amma ban taso inda ake tare mutumin da babba ya kira ba. Na matsa gefe ya wuce. Ya isa gabanta, kuma yadda ta ajiye kujerar, babu inda mutum zai rusuna sai a kan tashar. Ya rusuna ya ce, "Ga ni, Anti."

Renato ya ware hannayensa biyu, alamar ya tsira. 'Yan Filifin suka ɗauki Jomar sama. Ina kusa, na ji abin da ta ce masa. Ta tambaye shi iyali, ya ce lafiya. Ta tambaye shi kasuwa, ya ce alhamdu lillahi. Ta ce to madalla, ya tashi, shi ke nan, tana da ɗinkin biki da za a karɓa da rana. Ta ba shi kujerar ya kai mata shago.

Kofin ashe tukunyar dafa shinkafa ce ta lantarki. Suka dafa a wurin da wutar shagon Anti, aka ba kowa. Sama'ila ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwata. Clement ya ce magana ta ƙare, ƙwallo ta gangara dama, mai bugu ya kai tasha, ƙungiyar mai bugun ta ci. Alhaji ya ce shi kiran Anti ya amsa, kuma duk wanda ya gan shi yana gudu ya ɗaga hannu. Suka je wurin Renato ya raba su da abin da ya rubuta a takardar sakamako. Ya nuna musu gurbin, ashe 'yar kujera ya zana a ciki.

Da Nuwamba ta zagayo aka fara da sabuwar doka. Anti ta ce ita ba za ta tsaya cikin yashi da rana ba, ta ajiye wasa, amma ta ci gaba da ɗinka mana riguna. Ci ya dawo, matan suka dawo. Alhaji, da ya ga mutum biyu kacal a hagu, ya daina wahalar ɗaga ƙwallo sama, yana maka ta ta wuce tsakaninsu. Sai dai yanzu dole ya ruga, kuma a nan muka ga yadda yake gudu. Ƙirji a gaba, hannaye a baje, tumbi yana bin baya da nasa lokacin. A wasa ɗaya ya kai tasha ta biyu sau uku, a na ukun sai da aka yi masa fifita da kwali. A wasa na huɗu ya zauna a kan tasha ya ce shi bai shiga wasan nan don ya zama ɗan tsere ba, a da mutum yakan buga ko ya fita ko ya zagaya da mutuncinsa.

Mako biyu bayan haka Clement da Alhaji suka zo min otal su biyu a motar Alhaji, da takarda. Koke ne zuwa ga kwamiti a dawo da tsohuwar doka, kowa ya tsaya inda ya ga dama. Clement ne ya rubuta, Alhaji ya sa hannu a sama, sun yi musu a hanya a kan wanda sunansa zai fara. Suna neman hannu ashirin, sun sami huɗu, ɗaya na natur ne. Na ce ina bakin aiki, manaja yana kallo. Suka ce za su jira in tashi. Na sa musu hannu don su matsar da motar daga ƙofa, suka wuce Satwa neman Sama'ila.